Kafin Ka Taya Agogo Mai Tsada, Da Me Ka Gwada Shi?

Yau kasuwa za mu shiga, kasuwar agogon hannu mai tsada, irin wanda kuɗinsa kan sayi mota, wani ma ya sayi gida har da canji. Na san akwai mai cewa, ana fama da kuɗin shinkafa wa yake ta agogo? Gaskiyarsa. Sai dai masu saye suna nan a cikinmu, kuma ba kaɗan ba ne. Akwai ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Dubai, akwai angon da abokai ke haɗa wa kyauta, akwai matashin da kasuwa ta buɗe masa yana son tsintsiyar hannunsa ta ba da shaida. Da yawansu sun iya ciniki ƙwarai a harkar da suka sani, amma da sun tsaya gaban gilashin mai agogo sai su koma baƙi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wajen agogo kam ido ya sha ƙasa. Jera guda uku a kan tebur, duka na ƙarfe mai sheƙi, duka da nauyi a hannu, ɗaya na dala 700, ɗaya na dala 10,000, na ukun kuma jabu ne da aka kwaikwaya da kyau. Kira mutum goma masu ji da kansu su ware maka, za ka sha kallo.

Matanmu sun riga mu gane bakin zaren, a wajen gwal. Hajiya in ta shiga shagon mai gwal, a Kano ne ko a Makka ko a kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai, tambayarta ta farko ita ce nawa giram yau. Ta sa a ɗora sarƙa a sikeli, ta duba karat 18 ce ko 21 ko 22, ta buga lissafi a wayarta. Abin da ya hau kan wannan lissafi shi ne kuɗin aiki, kuma ta san ranar da za ta mayar da sarƙar kuɗin aikin nan ya tafi ke nan, nauyi kawai za a biya ta. Don haka in mai shago ya tsawwala, tana da abin kafa masa hujja. Agogo bai samu wannan gata ba. Ƙarfen da ke jikin Rolex Submariner, da sarƙarsa da komai, bai kai giram 200 ba. Da za a farfasa shi a kai wa 'yan gwangwan, da ƙyar ya sayi kwanon abinci. Kusan duk abin da ka biya kuɗin aiki ne da kuɗin suna. To su kuma da me ake auna su?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a auna shi da aikinsa, tunda agogo sarkin aiki ne, aikin nasa kuwa faɗin lokaci. Mu gwada mu gani. A ƙasar Suwizalan akwai wata hukuma mai suna COSC, wadda aka kafa a 1973 don gwada injinan agogo. Sukan riƙe inji kwana 15, su kwantar da shi, su kifa shi, su tsayar da shi ta nan da ta can, zama biyar daban-daban, a cikin sanyi da zafi daga digiri 8 zuwa 38. Injin da lattinsa bai wuce sakan 4 a rana ba, gaggawarsa kuma ba ta wuce sakan 6 ba, shi ake ba takardar shaida, a rubuta masa Chronometer a fuska. Kamfanoni na tinƙaho da wannan shaida, suna kuma ƙara kuɗi saboda ita. Yanzu buga lissafi: sakan 6 sau kwana 30, minti 3 ke nan a wata. Ɗan baƙin agogon robar nan na Casio, F-91W, wanda ya fito tun 1989, wanda kuke gani a hannun ɗalibai da 'yan acaɓa, alkawarin kamfaninsa shi ne ba zai kauce da fiye da sakan 30 a wata ba. Kuɗinsa bai kai dala 30 ba.

Dalilin a fili yake. Agogo mai wani, ko wanda motsin hannu ke wana shi, da sifirin yake aiki da wata 'yar ƙafa mai kai-komo, galibi bugu 28,800 a awa, wato takwas a sakan. Mai batir kuwa ɗan tsinken dutsen kwaz ne a cikinsa, yana kaɗawa sau 32,768 a sakan guda. Ina za a haɗa? A ranar Kirsimetin 1969 kamfanin Seiko na Japan ya sa Astron a kasuwa, agogon hannu na kwaz na farko da aka sayar, kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a wancan zamani. Kafin shekara goma irinsa ya zama na kowa da kowa. Masana'antar Suwizalan ta durƙusa, ma'aikatanta da suka kai kusan 90,000 a 1970 suka koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Manyan sunayen da suka tsira da agogo mai wani sun tsira ne da suka sauya hajar da suke talla. Suka daina gasar wa ya fi faɗin lokaci daidai, suka koma tallar aikin hannu da tarihi da alfarma. Saboda haka wanda lokaci kawai yake son sani, ya riƙe kuɗinsa, wayar da ke aljihunsa ma ta ishe shi.

Wanda kuma ya ce shi dai mai tsadar yake so, ga shawarar da nake ganin ta fi kowace amfani. Kafin ya taka ƙofar kanti, ya zaɓi agogo guda ɗaya ya san shi ciki da bai: nawa yake sabo a wurin wakilin kamfani, nawa yake na hannu, wane inji ne a cikinsa, kwana nawa yake yi in an ajiye shi bai tsaya ba, garantinsa shekara nawa. Wannan shi ne ma'auninsa. Ba dole ne shi zai saya ba. Amfaninsa shi ne, duk agogon da aka miƙo masa sai ya jingina shi da wancan ya yi tambaya ɗaya: ƙarin kuɗin nan da ake nema, me zai sayo mini wanda wancan ba shi da shi? In kuma ya fi araha, me aka rage?

Masu harkar agogo a duniya sun daɗe da yin wannan da Rolex Submariner, ba don ya fi kowane agogo kyau ba. Dalilinsu shi ne ya tsaya wuri ɗaya. Tun 1953 ake ƙera shi, siffarsa ba ta sauya sosai ba, wanda ya ga na kakansa zai gane na yau. Farashinsa a kanti sananne ne, wanda ba ya nuna kwanan wata yana wajen dala 10,000. Na hannunsa kuma kullum ana cinikinsa a kowace babbar kasuwa, don haka ba wanda zai ɓoye maka kuɗinsa. Yana jure ruwa zurfin mita 300, yana yin awa 70 bayan an cire shi daga hannu, kamfanin ya yi alkawarin ba zai kauce da fiye da sakan 2 a rana ba, gaba ko baya, da garantin shekara 5.

To bari mu jingina wasu da shi. Ga Tudor Black Bay 58. Tudor ƙanin Rolex ne, Hans Wilsdorf da ya kafa Rolex shi ne ya kafa shi, da niyyar a samu mai ƙwari a farashi mai sauƙi. Shi ma awa 70 yake yi, yana da shaidar COSC, yana jure mita 200, kuɗinsa kuma bai kai rabin na yayansa ba. Me ka rasa? Mita 100 na zurfin ruwa, kai da iyakar ruwan da agogonka zai gani shi ne na alwala da na damina. Ka rasa ɗan kambin nan da ke fuskar Rolex, wanda ake hangowa daga nesa a wurin ɗaurin aure. Wannan kambi yana da kuɗi, ba na musu, amma gara ka san cewa shi ne kake biya wa dala dubu biyar, ka yanke hukunci da idonka biyu.

Ga kuma Omega Seamaster Diver 300M, wanda ke tsakanin su biyun a farashi. Shi ya zo da wani abin da nake ganin ya fi zurfin ruwa amfani a rayuwar yau. Tun 2015 Omega ke kai agogonsa gwajin METAS, hukumar awo ta gwamnatin Suwizalan. COSC inji tsirara take gwadawa, su kuwa agogon suke gwadawa bayan an haɗa shi, kuma sai ya jure maganaɗisu mai ƙarfin gaus 15,000. Maganaɗisu shi ne abokin gabar agogo mai wani da ba a gani. Yana jikin lasifika, yana murfin waya, yana maƙullin jakar hannu. Da ya kama siririn sifirin da ke juya 'yar ƙafar nan, sai ka ga agogo na gudu kamar an biyo shi, mai shi ya ɗauka lalacewa ya yi. A takarda dai Omega bai gaza Submariner ba, ta wani fannin ma ya fi shi. Inda yake faɗuwa shi ne ranar sayarwa, kuma za mu zo nan.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da nakan zauna wurinsa a bakin kasuwa. Ɗan teburi ne mai gilashi, da kwalaben ƙananan sukurori, da tsofaffin fuskokin agogo a gwangwanin alewa. Rannan wani Alhaji ya kawo masa agogon da ya sayo a waje da 'yan dubban daloli, yana ƙorafin yana latti. Dattijon ya goge hannunsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kama murfin baya da wani ɗan maƙulli mai haƙora uku ya murɗe. Ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya sunkuya har hularsa na taɓa fitila. Da tsinken ƙarfe ya ture faifan da ke wana agogon gefe guda, ya leƙa ƙarƙashin 'yar ƙafar da ke ta kai-komo, inda ake buga lambar inji. Sai ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, ai wannan ɗan gida ne. ETA ne, 2824. Na buɗe irinsa ba adadi."

Alhaji ya ɗan ɓata rai. "Malam, kana nufin jabu aka sayar mini?"

"A'a, Allah ya kiyaye, na asali ne. Injin ma mai kyau ne, ba ya ba da wahala. Sai dai wancan," ya nuna wani agogo da ke rataye yana jiran mai shi, "shi ma injin da ke cikinsa ke nan, kuma na tabbata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin naka ba."

Ba a cuci Alhaji ba, a ƙa'idar kasuwa. Kamfanoni da yawa ba sa ƙera injinsu, saye suke yi daga ETA, wanda ke ƙarƙashin rukunin Swatch, ko daga Sellita mai yin SW200, tagwayen wancan. Su yi masa gida mai kyau, su buga sunansu a fuska da kan faifan, su sa farashin da suka ga dama. Wani ya cancanci ƙarin, don gogewar ƙarfensa da aikin fuskarsa sun fi. Wani kuwa talla kawai ka biya. Da Alhaji ya san cewa Tissot na sayar da agogo mai wana kansa, mai yin awa 80, da gilashin safaya da ba ya ƙarzuwa, ƙasa da dala 1,000, da ya san tambayar da zai yi kafin ya zaro katinsa. Ko rubutun Swiss Made da ke ƙasan fuska, wanda mutanenmu ke ɗauka kamar hatimin sarki, abin da dokar 2017 ta ce shi ne aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙera agogon a kashe shi a Suwizalan, injin ya zama na can, a kuma haɗa shi a duba shi a can. Ragowar sassan suna iya fitowa daga ko'ina.

Yanzu mu zo ga ranar sayarwa, don a nan ne ake yi wa mutane romon baka. Za ka ji dillali na cewa, Alhaji wannan ai ajiya ce, ba ya faɗuwa. Kowane agogo mai tsada farashi biyu gare shi, na kanti da na hannu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce gaskiyar da kasuwa ke faɗa a kansa. Mafi yawansu da ka fita ƙofar kanti sun zube, wani da kashi ɗaya cikin uku, wani har rabi. Waɗanda ke riƙe kuɗinsu ko su haura 'yan tsiraru ne: wasu samfuran ƙarfe na Rolex, da Patek Philippe, da Audemars Piguet. Su ɗin kuma ba ka shiga kanti ka ɗauka. Za ka ga agogo a gilashi an rubuta na nuni ne kawai, a ce ka ba da suna ka jira, wani lokaci sai ka sayi wasu kayan da ba ka so kafin a tuna da kai.

Ko su ma 'yan tsirarun, mun ga abin da ya same su. Daga 2020, lokacin kullen korona, kuɗi ya yi yawa a hannun masu shi a Amurka da Turai, ruwan bashi ya yi ƙasa, 'yan kirifto suka samu abin da ba su taɓa mafarki ba, kowa ya afka wa agogo. Patek Philippe Nautilus 5711 na ƙarfe, wanda kanti ke sayarwa a lokacin wajen dala 35,000, na hannunsa ya haura dala 100,000 da nisa, musamman da kamfanin ya sanar a 2021 cewa zai daina yin sa. A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, kirifto ya rufta, sai farashin agogo ya juyo ƙasa, ya yi ta gangarowa fiye da shekara biyu. Wanda ya sayi nasa a ƙololuwa da sunan ajiya, har yau yana lissafin asara. Ma'aunin ma kenan yana motsi, don haka farashin da ka ji bara kada ka shiga kasuwa da shi bana.

Kada kuma labarin gwanjo ya ruɗe ka. A 2017 an sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman kan dala miliyan 17.8 a birnin Niyok. A 2019 wani Patek Philippe da aka ƙera guda ɗaya tak ya kai faran na Suwizalan miliyan 31 a gwanjon sadaka a Janiba. Dillalai na son ambaton waɗannan, su nuna maka a waya, kamar naka ma hanyar da zai bi ke nan. Wancan hannun Paul Newman aka saya, naka kuwa ɗaya ne daga cikin fiye da miliyan da masu nazarin kasuwa ke ƙiyasin Rolex na fitarwa duk shekara. Haka farashin da za ka gani a shafukan intanet irin su Chrono24, yawancinsa kuɗin da mai kaya ya sa ne. Kowa ya san tsakanin abin da mai kaya ya yanka da abin da aka sallama akwai tafiya. In kana son sanin gaskiyar kuɗin agogo, juya tambayar. Ce wa dillalin, ga irinsa ina da shi a gida, da kwalinsa da takardunsa, nawa za ka ba ni yau, kuɗi hannu? Lambar da zai faɗa bayan ya gama sosa ƙeya, ita ce.

Abin da ya fi damuna a duk wannan harka shi ne, wanda ya je kanti ba da ma'auninsa ba, mai kanti zai ba shi nasa, kuma ba zai ma san an ba shi ba. Ka shiga wani katafaren kanti a Dubai, sanyi na ratsa ka, an zaunar da kai, an kawo gahawa da dabino. Ka ce kana son wani abu na wajen dala 5,000. Saurayin da ke kula da kai, da farar safar hannu, zai ce to, amma bari ka fara ganin wannan, don ido kawai. Ya ɗauko na dala 40,000 ya ɗaura maka, ya juyo maka madubi. Ka ji nauyinsa, ka ga yadda haske ke wasa a kansa, ka yi dariya ka ce wannan ai sai manya. Ya cire a hankali. Sannan ya kawo na dala 12,000. Wallahi a wannan lokacin sai ka ji kamar kyauta ake ba ka, ka manta da cewa ya ninka abin da ka fito da niyyar kashewa fiye da sau biyu. Bai yi maka ƙarya ko ɗaya ba. Ya dai sauya abin da kake gwadawa da shi. Wanda ya riƙe nasa a ka, sai ya ce a ransa, wannan ya ɗara Submariner da dala dubu biyu, me ke cikinsa? In saurayin ya kasa ba da amsar da ta wuce tarihin kamfani da sunan taurarin da ke ɗaurawa, sai a sha gahawa a yi godiya.

Ba na cewa duk abin da ya faɗi a wannan gwaji banza ne. A 1972 Audemars Piguet ya fito da Royal Oak, zanen Gérald Genta, agogon ƙarfe zalla da sukurori takwas a fili a fuskarsa, aka sa masa faran 3,300, kuɗin da ya fi na agogon zinare da yawa a lokacin. Duk wanda ya auna shi da ma'aunin zamaninsa cewa zai yi hauka ne, kuma da farko bai yi kasuwa ba. Yau yana cikin waɗanda ake layi a kansu. Mutum na da 'yancin ya so abu don ya burge shi kawai. Abin da gwajin zai yi masa shi ne ya gaya masa nawa son nan zai ci, sai ya ga ko zai iya.

Mu a nan gida akwai wani tarko na daban, na canji. A farkon 2023 dala na wajen naira 750 a kasuwar canji ta Wapa, a 2024 ta haura 1,500. Ɗauki wanda ya sayi agogon dala 9,000 a farkon 2023, ya kashe naira miliyan 6 da dubu 750. Bayan shekara ya sayar da shi dala 8,000, aka ba shi naira miliyan 12. Zai shiga majalisa yana ba da labarin ya ci riba kusan ninki. Da ya bar dalolinsa a ƙarƙashin katifa, da miliyan 13 da rabi gare shi. Agogon asarar dala 1,000 ya jawo masa, faɗuwar naira ce ta rufe ta. Da kuɗin da aka sayo kaya ake auna shi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗan huta da wannan ruɗani, tunda sefa a ɗaure take da yuro.

Iyayenmu ma da nasu ma'aunin, ko da ba su kira shi da suna ba. A zamaninsu alhaji in ya sauko daga Makka da Rado a hannu, an san ya dawo da tsaraba. DiaStar ɗin nan mai ƙwai-ƙwai, wanda ya fito a 1962, an yi gidansa da wani ƙarfe mai taurin gaske da ba ya ƙarzuwa, shi ya sa za ka ga na shekara arba'in yana sheƙi kamar jiya aka saya. Ma'aikaci kuma Seiko 5 ne nasa, ba batir ba wani, sai dai a girgiza shi da safe. Duk agogon da aka kawo musu da ɗayan biyun nan suke gwada shi, kuma ba su cika faɗuwa ba.

Wata 'yar tunatarwa ga maza. Jumhurin malamai sun tafi a kan cewa namiji ba ya sa zinare. Kowa zai gane rawaya ya kauce masa, amma akwai farin gwal, wanda a ido ba ka raba shi da ƙarfe, kuma manyan kamfanoni na yin agogo da shi sosai. Juya bayan agogon ko cikin maƙullin sarƙar ka duba. In ka ga an buga 750, gwal ne karat 18, kashi 75 cikin 100 zinare ne, komai farinsa. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa tun kafin ya biya.

Saura kuɗin da ba a rubutawa a rasit. Agogo mai wani inji ne, da mai a cikinsa, man kuma yana bushewa. Robobin da ke hana ruwa da ƙura shiga suna taurara, zafinmu da ƙurar hunturu ba sa raga musu. Rolex na ba da shawarar a yi sabis wajen duk shekara goma, wasu kamfanonin sun ce biyar zuwa takwas. Sabis a wurin kamfani ɗaruruwan daloli ne, mai sassa da yawa ya haura dubu, kuma manyan kamfanonin ba sa sakin kayan gyaransu ga kowane mai gyara. Ma'ana sai ka aika da shi Legas ko Dubai ko Turai, ka jira makonni, ka yi ta addu'a a kan wanda ka ba saƙon. In kuwa ka bari aka sa masa sassan da ba nasa ba, ko aka goge shi da injin da ya cinye masa kusurwoyi, kuɗinsa na hannu ya karye. A nan agogon Alhajin nan mai injin ETA ya rama, don dattijon bakin kasuwa ya wanke shi ya sa masa mai ya daidaita shi cikin kwana uku, kan kuɗin da bai kai na man mota tanki ɗaya ba. Wannan ma a sa shi a lissafi, tare da kwali da katin garanti mai lambar da ta yi daidai da ta jikin agogon, don ranar sayarwa su dillali zai fara tambaya kafin ya kalli agogon kansa.